Zaman shekaru a kan katamaran tsakanin tsibirai: amsa ga mai shirin sayar da gida

Tambayar da aka aiko ita ce: wani magidanci ya ce shi da mai ɗakinsa da 'ya'yansu biyu sun daɗe suna sha'awar rayuwar mutanen da ke zaune a jirgin ruwa mai tafiya da iska, irin mai ganga biyu, wato gangar jiki biyu, da ake kira katamaran, suna yawo daga tsibiri zuwa tsibiri a yankunan zafi. Yana da ɗan abin hannunsa, har yana tunanin sayar da gida ya sayi jirgi. Yana son sanin ko ana iya yin shekaru a haka da iyali, da kuma abin da ya fi kamata ya ji tsoro.

Malam, ana yi. Iyalai da yawa sun yi shekaru a kan ruwa, 'ya'yansu sun tashi a can, kuma na yi maƙwabtaka da irinsu a wurare daban-daban. Amma tunda ka tambayi abin tsoro, bari in karkato da kai daga inda kake kallo. Kusan duk mai wannan tambaya hankalinsa na tsakiyar teku: raƙuman ruwa, duhun dare, ba tudu ko ta ina. Ƙetare teku kuwa ɗan ƙaramin yanki ne na rayuwar. Daga tsibiran Kanari zuwa Sant Lusiya a Karebiyan mil ɗin teku wajen 2,700 ne, kowane mil ɗin teku kilomita 1.852, kuma jirgin iyali kan cinye hanyar cikin mako biyu zuwa uku. Tun 1986 da Jimmy Cornell ya kafa gangamin jiragen iska na ARC ake ƙetare Atlantika daga Kanari a ayari duk ƙarshen Nuwamba, da yara da tsofaffi. Bayan makonnin nan, sauran watannin shekara jirgin a tsaye yake a kan anka, wato ƙugiyar ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ta riƙe jirgi, a gefen wani tsibiri, ku kuma kuna cikinsa kuna girki da wanki da gyara da karatun yara. Masu wannan rayuwa kan ce a cikin kwana goma, tara a kan anka ake yin su. Waɗannan taran ne ke sa mutum ya daɗe ko ya tattara ya koma tudu.

Shi ya sa ma katamaran ya karɓu. Jirgi mai ganga ɗaya, in yana tsaye igiyar ruwa ta zo masa ta gefe, haka zai yi ta tangaɗi dare da rana, kofi ba ya zama a tebur, mutum ba ya barci sai ya tokare jikinsa da matasai. Katamaran ganguna biyu ne sirara da aka haɗa da faffaɗan dandamali, falo da kicin a sama a tsakiya, ɗakunan kwana a cikin gangunan. Mai tsawon mita 12 faɗinsa kan kusan kai mita 7, don haka yana zaune daram. A tsibiran Markesas na tekun Fasifik, inda babu katangar murjani (dutsen da ƙananan halittun teku ke ginawa) da za ta tare igiyar teku, za ka ga bambancin da idonka: jigon jirgin maƙwabcinka, wato dogon ƙarfen da ke riƙe ƙyallen iska, yana ta lilo hagu da dama, kai kuwa yaranka na rubutu a tebur. Ga shi ba ya buƙatar zurfi, mita ɗaya da 'yan kai ya ishe shi, alhali mai ganga ɗaya irin girmansa yana neman kusan mita biyu. A Bahamas, inda ruwan yawancin wurare bai da zurfi, wannan kaɗai na buɗe maka maɓoyar da wasu ba sa iya shiga.

Dabarar ba ta yau ba ce. Da tagwayen kwale-kwale mutanen Folinesiya suka kai tsibiran Fasifik masu nisa, kuma a 1976 aka sake nuna wa duniya haka, lokacin da jirgin Hokule'a ya tashi daga Hawai zuwa Tahiti, Mau Piailug na tsibirin Satawal yana jagora ba kamfas ba taswira. Baturen Ingila James Wharram ya ƙetare Atlantika a tsakiyar shekarun 1950 a wani ɗan katamaran mai tsawon mita 7 da ɗan ɗori wanda ya ƙera da hannunsa. Sai dai yawancin waɗanda za ka tarar a kasuwa yau, irin su Lagoon da Fountaine Pajot na Faransa, ko Leopard da ake ƙerawa a Afirka ta Kudu, babban mai sayensu kamfanonin haya ne, masu ɗaukar mutum takwas hutun mako guda. Jirage ne masu kyau, amma tsarin ɗaki huɗu banɗaki huɗu don 'yan hutu aka yi shi. Iyali na mutum huɗu banɗaki biyu ya wadace su, kuma kowane ƙari famfo ne da bututu da wata rana za su toshe.

To, ga haɗarin da ke tattare da wannan zama daram. Jirgi mai ganga ɗaya yana da nauyin dalma ko ƙarfe a ƙarƙashinsa. In iska ta yi ƙarfi sai ya karkata, iskar ta zube ta saman ƙyalle, kai ma ka ji a jikinka cewa abin ya yi yawa. Ko ya kwanta, nauyin nan zai tashe shi. Katamaran ba ya karkata, saboda haka ba ya gaya maka komai. Yana haɗiye ƙarfin iskar ne a jigo da wayoyinsa, kana zaune kana shan shayi, har a kai inda wani abu zai karye ko ganga ɗaya ta ɗaga. In kuwa ya kife, ya kife ke nan, ba ya tashi da kansa, shi ya sa ake yi masa ƙofar tsira a ƙasan ganga. Kifewar jirgin iyali abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma babban dalilinsa shi ne: ƙyalle ya yi wa iska yawa. Ka san cewa matsin iska a kan ƙyalle ba daidai da gudunta yake ƙaruwa ba. In ta tashi daga mil 20 a awa zuwa 28, matsin ya ninka biyu. Hadarin da kan taso farat ɗaya a yankunan zafi kuwa yana iya yin wannan tsalle cikin minti biyu. Don haka mai katamaran da lamba yake rage ƙyalle. Kamfanin da ya ƙera jirgin yana ba da jadawali: a iska kaza a naɗe kaza. A manna shi kusa da sitiyari, a bi shi ko da sama ta yi tas. Kafin faɗuwar rana kuma a ƙara ragewa, domin da dare ba ka ganin baƙin gajimare sai taurari sun ɓace maka.

Abu na biyu da katamaran ba ya yafewa shi ne nauyi. Fili ya yi yawa a ciki, ga akwatuna ko ta ina, sai mutum ya yi ta lodi: injin wanki, janareta, tulunan iskar nutso, littattafai, gwangwanayen abinci na wata shida. Sarƙar anka mai kaurin milimita 10 kaɗai kowace mita ta haura kilo 2, litar ruwa kilo ce, ga man dizal. Gangunan sirara ne, kowane ƙarin tan yana dulmuya su, dandamalin tsakiya ya matso kusa da ruwa. Daga nan igiyar ruwa ta fara dukan ƙasan falo, duka irin wanda ke tsinka barci ya girgiza kwanuka. Jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ya rasa gudu, ya rasa sauƙin sarrafawa, kayansa kuma suna saurin gajiya. In ka je duba jirgin da za ka saya, ka sunkuya ka kalli tazarar da ke tsakanin ruwa da ƙasan dandamali kafin ka shiga kallon kujeru.

Mu zo kan anka, domin a kanta za ku kwana yawancin dararenku. A nan ban yarda da tsimi ba ko kaɗan. Ka sayi anka irin ta zamani mai nutsewa cikin yashi, ka ɗauki wadda ta ɗara abin da jadawalin mai sayarwa ya ce, ka haɗa ta da sarƙa mai tsawo, mita 80 ko fiye in kana da niyyar shiga Fasifik inda wuraren tsayawa ke da zurfi. Ƙa'idar da aka saba ita ce a saki sarƙa ninki biyar na zurfin, kuma zurfin daga goshin jirgi ake auna shi zuwa ƙasa a lokacin da teku ya ciko. Bayan an saki, a ja baya da injuna biyu a hankali, a ƙara wuta har sarƙa ta miƙe, a ɗora hannu a kanta. In tana karkarwa, anka na jan ƙasa ne, a ɗaga a sake. In ruwan garau ne, ka sa gilashin nutso ka je ka gani da idonka ko ta binne kanta. Katamaran kuma sai an ɗaura masa igiya mai reshe biyu, ɗaya daga goshin kowace ganga zuwa sarƙa, ita ke hana shi kai-komo, ita ke shanye fizga. Ka bar tazara tsakaninka da maƙwabta fiye da yadda ido ke so, domin katamaran iska ke juya shi, mai ganga ɗaya kuwa ruwa ya fi juya shi, kuma in iska ta kwanta da tsakar dare kowa fuskarsa daban.

Yashi ake nema. Ciyawar teku ba ta riƙe anka sosai, kuma abincin kunkuru ce. Murjani kuwa ba a jefa masa anka sam, domin abin da ya yi shekaru masu yawa yana girma sarƙa na iya ragargaza shi a dare ɗaya. A tsibiran Tuamotu na Folinesiya wannan darasi ne mai zaman kansa. Tsibiran can zobba ne na murjani da suka kewaye tafki, ƙasan tafkin cike da duwatsun murjani tsaye nan da can. Iska na juyawa sai sarƙa ta naɗe dutse, tsawonta ya gajarce, jirgi ya fara fizga kai tsaye a kan dutsen. Dabarar da ake yi ita ce a ɗaura wa sarƙar balan-balan masu tauri a wurare uku ko huɗu, su ɗaga ta sama da kan duwatsun, ɓangaren da ke kusa da anka kaɗai ya kwanta a yashi. Kada kuma kalmar tafki ta ruɗe ka. Na Rangiroa tsawonsa ya kai wajen kilomita 80. In iska ta koma ta ɗaya gefen, wurin da ka kwana lafiya jiya ya zama bakin raƙuman ruwa, ga murjani a bayanka.

Shiga irin waɗannan tafkuna ta ƙofa ake yi, ƙofar kuma ruwanta kan yi gudun mil 6 a awa ko fiye, wanda ya kusan kai iyakar abin da injinka zai iya. Ana jira ne sai lokacin da ruwan ya tsaya tsakanin cikowa da janyewa. A ciki da ido ake tuƙi: rana ta ɗaga sama kuma tana bayanka, mutum ɗaya ya hau rufi da tabarau mai kashe ƙyalli. Shuɗi mai duhu zurfi ne, kore mai haske ruwa ya ragu, ruwan ƙasa ko rawaya dutse ne. Taswirar da ke kwamfutar jirgi tana da amfani, amma a wasu sassan Fiji da makamantansu an samo ta ne daga tsofaffin awo, kuma tana iya nuna ka a wurin da ba nan kake ba. Masu hankali kan gwama ta da hotunan tauraron ɗan adam. Baƙon wuri mai murjani ba a shigarsa da dare. In lissafi ya nuna za ku iso da magariba, a rage gudu tun da rana, a kwana a waje, a shiga da hantsi. Yawancin jiragen da na ga sun hau dutse gaggawar isa ce ta kai su.

Bayan anka, mai mulkinku na biyu shi ne kalanda. A Atlantika lokacin mahaukaciyar guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. A kudancin Fasifik daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. Duk tsarin shekararku a kan wannan zai tsaya, kuma kamfanin inshora zai ja maka layi a taswira ya ce kada a same ka cikinsa a waɗannan watanni, ko kuwa ka biya ƙari mai nauyi. A Karebiyan mutane kan gangara kudu, Girenada ko Tirinidad, ko su nufi yamma wajen Boner da Kurasawo. Amma kudu ba tabbas ba ne. Guguwar Ivan ta yi wa Girenada kaca-kaca a Satumban 2004, lokacin da mutane da yawa ke ganin tsibirin ya fita daga hanyar guguwa. Ranar 1 ga Yulin 2024 guguwar Beryl ta afka wa tsibirin Kariyaku na ƙasar Girenada, inda jirage suka taru cikin itatuwan bakin ruwa da aka daɗe ana ɗauka mafaka ce, da yawansu kuma ba su fita ba. A Satumban 2017 Irma ta tara jiragen haya a kan juna a tsibiran Bajin na Birtaniya. Katamaran ya fi shan wahala a irin wannan iska, domin yana da faɗi da tsayi kuma ba shi da nauyi, iska na iya shiga ƙarƙashin dandamali ta ɗaga shi. A Fasifik mutane da dama kan bar Fiji ko Tonga a ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba su yi mil dubu da ɗori zuwa Niyu Zilan, hanya mai sanyi da iska mai canzawa, su dawo a watan Mayu. Wanda ya ga abin da guguwar Winston ta yi wa Fiji a Fabrairun 2016 ya san dalili. Shawarata a nan ɗaya ce: jirgi na tafiya, guguwa kuma ana ganinta kwanaki kafin ta iso. Ka zauna inda kake da hanyar gudu, tankinka cike, takardunka a shirye. In gudu ya gagara, a ɗaure jirgi iya ɗaurewa, a cire duk ƙyalle, iyali su sauka tudu. Ba a kwana a jirgi don a cece shi.

Ruwan sha da wuta su ne lissafin kowace safiya. Kowace litar ruwan teku na ɗauke da gishiri wajen giram 35. Injin tace ruwa yana tura shi ta wata matata da matsi mai ƙarfi, wajen bar 55, ya fitar da ruwan daɗi, ƙananan injunan kan ba da lita 30 zuwa 60 a awa. Wannan inji ne ya sauya rayuwar, domin a tsibirai irin na Tuamotu mutanen gari kansu da ruwan sama suke rayuwa, ba daidai ba ne baƙo ya je yana roƙonsu. Amma matatar tana da laulayi. Mai da ke yawo a ruwan tasha na kashe ta, sinadarin kilorin na kashe ta, barinta kwanaki ba a wanke ba ma na lalata ta. Kullum a riƙe jarkoki cike a gefe, a kuma tanadi hanyar tarar ruwan sama daga rufi. Wuta kuwa nan katamaran ya yi sa'a, domin rufinsa na ɗaukar farantan sola masu yawa, wat dubu ko fiye ba abin mamaki ba ne, kuma batiran litiyam sun sauƙaƙa ajiya. Firji da firiza ne manyan masu cin wutar, sai na'urar da ke riƙe sitiyari in ana tafiya. Intanet ta tauraron ɗan adam irin ta Starlink ta sa mutane na aiki daga jirgi, yara na karatu, ana samun hasashen yanayi a ko'ina. Ita ma tana shan wuta sosai, kuma ba ta maye gurbin na'urar kiran ceto mai aika sigina a kan megahaz 406, wadda ke da batirinta, ko rediyon jirgi da ake saurare a tasha ta 16.

Gyara kuwa, Malam, shi ne sana'arka ta yau da kullum, ko ka so ko ka ƙi. Gishiri na cin ƙarfe da wayar lantarki, rana na cin ɗinki da roba, motsi na kwance duk abin da aka ɗaure. Katamaran komai nasa biyu ne: inji biyu, farfela biyu, matuƙi biyu a ƙarƙashin ruwa, ganga biyu da za a kankare a shafa wa fentin hana ƙwarin teku. Amfaninsa shi ne in inji ɗaya ya mutu kana da ɗaya. Kuɗinsa kuma ninki ne. Tashoshin jiragen shaƙatawa kan caje shi ninki ɗaya da rabi ko biyu saboda faɗinsa, kuma ba kowane wurin gyara ne ke da injin da zai iya ɗaga jirgi mai faɗin mita 7 ba, don haka tun kafin ka buƙata ka san inda suke. Wayoyin da ke riƙe jigo kamfanonin inshora kan nemi a sauya su in sun kai shekara goma. Ƙiyasin da aka saba yi shi ne a ware kusan kashi 10 cikin 100 na darajar jirgi kowace shekara don kula da shi. Wata shekarar ba za ka kashe haka ba, wata kuma za ta cinye rarar. Kafin ka tashi ka koyi sauya mai da filta, fitar da iska daga layin dizal, sauya robar famfon da ke sanyaya inji, bin waya da mita har ka gano inda wuta ta tsaya, ɗinke ƙyalle, da kwance famfon banɗaki. A tsibiri mai nisa ba makanike, kayan gyara kuma sai jirgin kaya ya zo, ko ka yi makonni kana jiran ɗan ƙarfen da bai fi yatsa ba ya fito daga kwastan. Ƙaramin kwale-kwalen roba mai inji shi ne motarku, da shi ake zuwa kasuwa da asibiti da ofishin hukuma. A ɗaga shi daga ruwa kowane dare a sa masa kwaɗo, domin injinsa ne abin da aka fi sacewa.

Takardu ba su da wuya, amma suna son natsuwa. Kowace ƙasa tana da tashoshin shiga. Ana ɗaga tuta rawaya, kyaftin ya je wurin kwastan da jami'an shige da fice da takardun jirgi da shaidar fita daga ƙasar baya, sauran mutane su jira a jirgi. Fasfo ɗinku ne zai zana rabin hanyarku, don haka ka bincika tun yanzu. Tsibiran Faransa irin su Martinik da Gwadaluf da Folinesiya ba sa cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, bizarsu daban ce, kuma wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba kwana 90 ne iyakarsa a Folinesiya sai in ya nemi bizar dogon zama kafin ya iso. Tsibirai 118 a kwana 90 gudu ne kawai. Shiga yankunan Amurka da jirgin kanka kuma sai da cikakkiyar biza.

Abin da na fi so ka riƙe game da tsibiran nan shi ne suna da masu su. A hoto kamar ba kowa, amma kowane bakin yashi na wani ne. A Guna Yala ta ƙasar Panama, kowace kwakwa da ke ƙasa tana da mai ita, ba a ɗauka. A ƙauyukan Fiji baƙo kan je da damin saiwar kava, tsiron da suke yin abin sha da shi, ya miƙa wa sarkin ƙauye, abin da suke kira sebusebu, kafin ya yi iyo ko kamun kifi ko yawo, domin ruwan da ka jefa anka a ciki ma na ƙauyen ne. Ana cire hula, ana rufe kafaɗa da gwiwa. A Tonga ranar Lahadi ba a aiki ba a hayaniya. A Boner an hana jefa anka baki ɗaya, sai dai ka ɗaura a turakun da hukuma ta kafa, a Bora Bora da wasu sassan Tahiti ma an taƙaita wuraren tsayawa, saboda jirage sun yi yawa kuma wasu baƙin ba su kyauta ba. Shararka ka riƙe ta har inda ake da wurin zubarwa. Wanda ya shiga da ladabi, ya gyara wa wani injin kwale-kwale ko fitilar sola, zai ga karamcin da ba a saye da kuɗi.

Ta fannin lafiya, abu ɗaya nake so ka sani da sunansa: sigwatera. Guba ce da ke fitowa daga wata ƙwayar halitta da ke zaune a kan murjani, wadda masu bincike suka gano a tsibiran Gambiye a shekarun 1970. Ƙananan kifaye su ci, manya su cinye su, gubar ta taru a jikin manyan. Dafuwa ba ta kashe ta, daskarewa ba ta kashe ta, ba ta da wari ko ɗanɗano. Tana kawo amai da gudawa da ƙaiƙayi, mutum ya taɓa abu mai sanyi ya ji kamar wuta, kuma tana iya ɗaukar makonni ko watanni. Kada ku ci babban kifin murjani, musamman barakuda, sai masuntan wurin sun ce na wannan gefen lafiya ne. Kifin tsakiyar teku irin tuna ya fi aminci. Yankan murjani kome ƙanƙantarsa a wanke shi sosai nan take, domin yana saurin ruɓa a zafi. A kiyaye sauro saboda zazzaɓin dengi. Babba ɗaya aƙalla ya yi kwas na taimakon gaggawa na masu tafiyar teku, a kuma sami inshorar da ke ɗaukar mara lafiya da jirgin sama.

Saura mutanen da ke cikin jirgin, kuma nan ne tafiye-tafiye da yawa ke ƙarewa, jirgi lafiya lau. In ana tafiyar kwanaki, ku biyu ne za ku raba gadi, awa uku kai, awa uku uwargida, dare da rana, tsawon mako uku in hanyar Galafagos zuwa Markesas ce mai mil wajen 3,000. Ma'anarsa rabin lokacin ita ce kyaftin, kai kana barci. Dole ta iya rage ƙyalle ita kaɗai, ta tayar da inji, ta yi kira a rediyo, ta juyo da jirgi ta ɗauko ka in ka faɗa ruwa. Duk wanda ke waje da dare ya sa rigar ceto ya ɗaure kansa da jirgi, kuma ba mai zuwa goshi sai ya tashi ɗan'uwansa. In mafarkin naka ne kai kaɗai, ita biyo ka kawai ta yi, zai bayyana tun a watannin farko. Yara ƙanana kan saba da sauri, kuma iyalai masu yara kan nemi juna su yi tafiya tare. Waɗanda suka fara tasawa sun fi jin kewar abokai, a tambaye su da gaske. Ga kewar dangi, ga biki da rasuwa da za su wuce kuna nesa, ga abokan da za ku shaƙu da su wata guda iska ta raba ku.

Saboda haka kada ka sayar da gida tukuna. In da hali ka ba da shi haya. Ku yi kwas ɗin tuƙi ku biyu, sannan ku ɗauki katamaran haya na mako biyu da yaran, ku kwana a kan anka kowane dare, ku dafa da kanku, ku auna ruwan da kuke sha. Kai kuma ka nemi wani mai jirgi da ke buƙatar hannu ka bi shi tafiyar kwanaki, domin gani ya kori ji. In har yanzu kuna so, ka sayi jirgin da bai cinye fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗin da ka ware ba, domin wanda ya fito daga kamfanin haya bayan shekara biyar sai ka ƙara masa sola da batir da injin ruwa da anka da sababbin ƙyallaye. Ka biya ƙwararren mai duba jirgi wanda ba shi da alaƙa da dillali, a fitar da jirgin daga ruwa a duba shi. Ka ajiye kuɗin komawa tudu a wani asusu da ba a taɓawa. Shekarar farko ku yi ta a gabashin Karebiyan, inda daga tsibiri zuwa na gaba yawanci tafiyar wuni ɗaya ce, ga wuraren gyara a Martinik da Girenada da Tirinidad, ga filayen jirgin sama in wani ya ce ya gaji. Maganar ratsa mashigin Panama ku bar ta sai kun ga lokacin guguwa ɗaya ya zo ya wuce, domin daga can iska daga gabas take busowa har Ostareliya, kuma dawowa da katamaran mai lodi yana fuskantar wannan iska aiki ne da mutane kaɗan ke ɗauka.